Fina-finan da Maƙerin Dosara Ya Yarda da Su

Shagon Sharhabilu yana daf da tashar mota a Talata Mafara. Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai benci biyu da kwamfuta ɗaya, sai allon caji da wayoyin mutane ke reto a jikinsa. Sana'arsa tura wa mutane fina-finai a waya ko a memori. Shekara shida ke nan yana yi, har ya kai in mutum ya shigo ya ce yana son mai ban dariya, ko mai sa kuka, ko wanda za a kalla da iyali ba a sunkuyar da kai ba, ba sai ya taɓa kwamfuta ba yake faɗa masa wanda ya dace da shi. Da wannan yake taƙama.

Wata ranar Talata, kasuwa ta cika ta batse, sai wata mata ta sauka daga kabu-kabu ta shigo shagon. Bayan sun gaisa ta ce sunanta Taiba, tana koyar da Hausa a wata makarantar 'yan mata a Bakura, kuma ita ke rubuta wa wata ƙungiyar matasa wasan kwaikwayo, su ɗauka da waya su saka a intanet. Ta ce sabon labarinsu na zamanin da ne, kuma akwai wurin da mutum biyu za su gwabza da takobi. Sun ɗauka sau ɗaya, da suka nuna wa 'yan unguwa sai aka tuntsire da dariya daidai inda ya kamata a yi tsit. Shi ya sa take neman fina-finan da faɗan takobinsu ya yi kama da gaske, domin 'yan wasanta su kalla su koya.

Sharhabilu ya ce ai ta zo gidan abin. Nan take ya tura mata guda biyar waɗanda samari suka fi rububi a kansu.

Talatar da ta zagayo ta dawo ta ajiye masa memorin a kan tebur. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a na farko jarumin ya tashi sama ya sauka kan rufin ɗaki, a na biyu mutum ɗaya ya kashe arba'in rigarsa ko ƙura ba ta yi ba, sauran ukun kuma ba ta iya ƙarasawa ba.

"Mutane nake nema, Malam Sharhabilu," in ji ta. "Masu gajiya, masu jin tsoro. In babu, ka ce mini babu."

Maganar ta tsaya masa a rai. Ya roƙe ta ta ba shi mako biyu.

A gidan Sharhabilu akwai surukinsa, Baba Nagode, maƙeri daga Dosara ta ƙasar Maradun. Shekara biyu da suka wuce, lokacin da zama ya gagara a ƙauyukan wajen, mutane suka watse, shi ma ya taho da 'yar jakarsa. Matarsa Marka ta riga ta rasu, 'ya'yansa maza sun yi kudu neman aiki, wadda ta rage kusa ita ce autarsa Hamdiyya, matar Sharhabilu. Aka ba shi ɗakin da ke jikin zaure, mai ƙofarsa daban, don kada ya riƙa ratsa tsakar gida. Duk da haka zaman gidan suruki ya yi masa nauyi. Daga masallaci sai tabarmarsa a gindin darbejiyar ƙofar gida, da 'yar rediyonsa. Tsakaninsa da Sharhabilu sai gaisuwa, doguwa, cikakkiya, daga ita kuma shiru. Hamdiyya takan yi masa hoce, wainar dawa irin ta can gida, saboda ta san yana so, ya gutsiri kaɗan ya rufe. Ta sha gaya wa mijinta cewa da can a Dosara, daga bakin gari ake jin muryar babanta ta danne ƙarar guduma.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Sharhabilu bai koma shago ba. Ya fito da laftof ƙofar gida, ya zauna kan dakali can nesa kaɗan da tsohon, ya rage murya, ya shiga bin fina-finai ɗaya bayan ɗaya yana tsallakawa zuwa wurin faɗa. Yana cikin kallon wani jarumi da ke juyi kamar katantanwa a tsakiyar abokan gaba, sai ya ji murya daga bayansa.

"Wanga ya mutu tun ɗazu. Shi ɗai ne bai sani ba."

Da farko ya ɗauka da rediyo tsohon yake. Da ya waiwaya ya ga idonsa na kan laftof, sai ya tashi ya matso, ya tsuguna a gefen tabarma ya ajiye ta a gabansa.

"Baba, me kuka gani?"

Tsohon ya ce ya maida abin baya. Ya sa ɗan yatsa kusa da gilashin, bai taɓa ba, ya nuna masa inda jarumin ya juya wa mai takobi ƙeya. Ya ce wanda ya ba takobi baya sau ɗaya ba ya sake ba kowa. Sannan ya nuna masa yadda suke haɗa kaifi da kaifi, ƙwal, ƙwal, har sau talatin, wuta na tashi. Ya ce da shi ya ƙera waɗannan takubban da ya je ya amshe abinsa, don kafin a gama sun koma zarto. Ana tarewa da gefen ƙarfen ne, kusa da ƙota inda yake da ƙwari, ko kuma mutum ya kauce kawai, wanda shi ya fi.

Sharhabilu ya san surukinsa maƙerin fartanya da galma da lauje ne. Bai taɓa sanin ya san takobi ba. Ran nan ya ji cewa kakan Nagode maƙerin takubba ne wanda ya ga yaƙi da idonsa yana saurayi, kuma shi ya rene shi. Kakan nan ba ya barin yaro ya taɓa ƙarfen takobi sai ya iya riƙe shi, don a cewarsa wanda bai san yadda ake sara ba ba zai san inda nauyi ya kamata ya zauna ba. Da karan dawa ya koya masa, a bayan maƙera, shekara da shekaru. Nagode ya yi wa maharba da 'yan tauri takubba har ya manyanta. Daga baya, da ya lura da irin mutanen da suka fara zuwa nema, sai ya daina, ya tsaya kan kayan noma.

Ana kiran la'asar suna kan fim na huɗu. Da suka dawo daga salla Sharhabilu ya yi jinkirin buɗe laftof, yana tsoron kada ya takura wa tsoho. Sai tsohon da kansa ya tambaya ko sun ƙare ke nan.

Haka suka ɗauki kwana goma sha biyu. Kullum bayan la'asar Sharhabilu ya rufe shago da wuri ya dawo da sababbi. Ya so ya riƙa nuna masa wurin faɗan kawai, amma tsohon ya ƙi. Sai an gaya masa su wane ne, kuma me ya haɗa su. Ya ce mai kare gonarsa da wanda aka yi hayarsa ba tsayuwarsu ɗaya ba, in bai san dalili ba ba zai san ko tsayuwar daidai take ba. Dole Sharhabilu ya riƙa ba shi labarin kowane fim a taƙaice, wani lokaci har da kwaikwayon murya. Mafi yawansu Baba Nagode bai wuce minti biyu yake ɗaga hannu ya ce rawa ce, a wuce. Wasu kuwa su ba shi dariya har ya share hawaye da bakin rawani. Ranar farko da Hamdiyya ta jiyo dariyar daga tsakar gida, ta ajiye muciya ta zo ta tsaya bayan ƙyauren zaure ta daɗe, har tuwo ya kusa kamawa.

Na farkon da ya yarda da shi wani tsohon fim ne baƙi da fari na ƙasar Japan. Wani dattijon mai gadi ne a lungu mai matsi, ya jingina bayansa da bango, ya sauke tsinin takobinsa ƙasa yana jira. Mutum uku suka zo, amma lungun bai ɗaukar biyu a jere. Kafin a haɗiye yawu an gama, mai gadin ya zauna yana haki. Baba Nagode ya sa aka maimaita sau uku. Ya ce wanda ya shirya wannan ya taɓa riƙe ƙarfe, ko kuma ya saurari wanda ya riƙe.

Akwai wani na mutanen hamada da ya so saboda garkuwa. Ya ce a wurin kakansa garkuwa ce ke faɗa, takobi jira yake yi. Akwai kuma wani na Turawa masu siririn takobi, wanda da ganinsa ya ce a ɗauke masa wannan basillar dukawa. Amma washegari tun kafin Sharhabilu ya zauna ya ce a dawo masa da shi. Ya kwana yana tunani, ya ce, ya yi gaggawar yanke hukunci. A wannan karon bai kalli takobin ba sam, ƙafafu ya bi da ido. Ya ga yadda kowannensu ke auna tazara, taki ɗaya gaba, rabin taki baya, ba wanda ke haɗe ƙafafunsa wuri ɗaya.

"Na zalunce su jiya," in ji shi. "Ƙarfensu ba irin namu ba ne, amma ƙafarsu ta gaskiya ce. Sa shi cikin na kirki."

Daga cikin sittin da wani abu, bakwai suka tsira. Sharhabilu ya samu takarda ya rubuta kowanne, da daidai mintin da faɗan yake, da abin da za a lura da shi: a nan a dubi ƙafa, a nan a dubi yadda ya kare hannunsa, a nan a ga yadda numfashi ya ƙare musu su duka biyu.

Taiba ta karɓa ta tafi. Bayan kwana huɗu ta kira shi a waya ta ce abin da take nema ke nan, amma tana da tambaya: wa ya rubuta bayanin nan? Sharhabilu ya so a ce shi ne. Amma ya gaya mata gaskiya, hannunsa ne ya rubuta, amma ido na surukinsa ne.

Ranar Asabar da hantsi ta iso gidan tare da 'yan wasan nata biyu, Khalifa wanda tela ne a kasuwar Bakura, da Zaharadeen mai noman shinkafa a fadamar Bakolori. Ta fara shiga ciki ta gaida Hamdiyya, sannan ta fito ta durƙusa nesa da tabarmar tsohon. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da hanya da mutanen Bakura, aka sake gaisawa. Sai ta yi godiya, ta ce sun kalli fina-finan har sun haddace, amma kallo daban, hannu daban. Ta roƙe shi ya zo ya nuna musu da kansa.

Fuskar Baba Nagode ta canza.

"Ɗiyata, kallo munka yi, don nishaɗi. Koyarwa kuwa wani abu ne. Ƙasarga jinin da aka zubar ya isa. Ban baro gidana ba don in zo in koya ma samari sara."

Khalifa ya buɗe baki zai yi magana, Taiba ta girgiza masa kai. Ta ce ta ji, kuma ba za ta matsa ba, amma ya yarda ta gaya masa labarin ko da zai ce a'a. Labarin abokai biyu ne a zamanin da, manomi da makiyayi, waɗanda suka tashi tare suna wanka a mashaya ɗaya. Da rikici ya tashi kan mashayar, sai kowane ɓangare ya fitar da nasa gwani a raba gardama da takobi, aka yi rashin sa'a su biyun aka fitar. Suka kara, ɗaya ya ji rauni a hannu, ɗayan ya yar da takobinsa ya kwance rawaninsa ya ɗaure masa. Ta ce in faɗan ya fito kamar wasa, yara za su tashi suna sha'awarsa. Ita so take duk wanda ya kalla ya tsorata, ya ce Allah ya raba shi da wannan.

Tsohon dai ya yi musu addu'ar Allah ya ba da sa'a, suka tafi. Sharhabilu ya raka su bakin titi yana ba su haƙuri.

Kwana uku ba a buɗe laftof ba. Sharhabilu ya shiga zargin kansa, yana ganin ya ɓata abin da ya fara gyaruwa. Hamdiyya ta ce ya ƙyale shi, ta san babanta, in ya yi irin wannan shirun aiki yake yi a ciki. A rana ta huɗu, suna dawowa daga sallar azahar, tsohon ya tsaya a bakin zaure ya tambaye shi, cikin abokan nan biyu wa ya fara zare takobi. Sharhabilu ya ce bai sani ba, amma ya kira Taiba nan take ya sa wayar a amsa-kuwwa. Ta ce wanda ya fi jarumta a cikinsu ta sa ya fara.

"A'a," in ji Baba Nagode. "Wanda ya fi jin tsoro shi ka fara zarewa. Jarumin shina tsaye yana fatan kada a kai ga haka. In kunka yi shi yadda kika rubuta, kun ɓata shi tun daga farko." Sannan ya tambayi Sharhabilu ƙarfe nawa motar Bakura ke tashi da safe.

Sharuɗɗa biyu ya kafa. Ba za a taɓa ƙarfe mai kaifi ba, kuma sai an sanar da mai unguwa, don kada mutane su hangi samari da makami hankalinsu ya tashi. Aka yi hakan. Suka samu fili a bayan gari, gonar shinkafa da aka riga aka girbe, da tsamiya a gefe. Ranakun Asabar da Lahadi Sharhabilu ke kai shi da safe, su dawo kafin la'asar tun hanya na da mutane.

Ranar farko tsohon ya sa aka yanko karan dawa biyu, ya shafa wa bakinsu gawayi, ya ce Khalifa da Zaharadeen su sa fararen riguna su nuna masa abin da suka iya. Suka yi ta tsalle suna kai wa juna duka. Da ya tsayar da su, rigar kowannensu ta yi zane baƙi ya fi goma. Ya ce su ƙirga, kowane zane kabari ne. Daga nan ya karɓe karan ya ajiye, mako biyu cur ba abin da suka yi sai taka ƙasa: gaba, baya, gefe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ido a kan kafaɗar abokin karawa ba a kan makaminsa ba. Zaharadeen ya saba da tafiya kan kunyar fadama, bai sha wuya ba. Khalifa kuwa, mai wuni zaune kan keken ɗinki, cinyoyinsa suka yi tsami har ya ce zai bari. Tsohon ya ce masa ai shi ya fi dacewa da matsoracin, don gajiyarsa ba sai ya ƙirƙira ba. Aka yi dariya, Khalifa ya zauna.

Sun yi saɓani da Taiba a kan tsawon faɗan. Ita tana son minti uku, shi ya ce faɗan gaske tsakanin mutum biyu da ba su da sulke bai wuce numfashi uku. Ta ce in ta ba masu kallo numfashi uku bayan ta sa su jiran rabin awa, sai su jefe ta. Kowa ya kafe, har Sharhabilu ya buɗe laftof a gindin tsamiyar ya nuna musu na Turawan nan masu siririn takobi. Suka auna da agogo: faɗan ya kai minti biyu da rabi, amma sara da suka a ciki ba su fi shida ba, sauran duk zagaye ne da auna juna da ja da baya. Baba Nagode ya ce in haka ne ya yarda. Taiba ta ce ita ma.

Saura takubban da za a ɗauka da su. Waɗanda ƙungiyar ta aro na ado ne, masu kube mai ƙyalli. Tsohon ya ɗora ɗaya a kan ɗan yatsa, ya ga nauyin ya rinjaya can wajen tsini, ya ce wannan zai karya wa mutum wuyan hannu kafin ya taɓa kowa. Aka kai shi wurin wani maƙeri a cikin Bakura mai suna Jibrin. Da Jibrin ya ji an ce Nagoden Dosara ne, sai ya tashi daga kan buzunsa, ya ce galmar da babansa ya yi noma da ita shekara ashirin daga hannunsa ta fito. Ya ba shi wurin zama gaban uwar maƙera.

Suka samo tsohon sifirin mota. Da ƙarfen ya yi ja, Baba Nagode ya ɗauko shi da awartaki, bugun farko ya zame. Ya gyara zama, ya ɗauki ƙaramar guduma, ya riƙa ƙwanƙwasa inda yake so, Jibrin na bi da babbar masaɓa yana saukewa daidai wurin. Kafin azahar sun kama sautin juna. Kwana uku suka yi, suka fitar da takubba biyu marasa kaifi, masu dunƙulallen baki, waɗanda in ka riƙe sai ka ji kamar hannunka ne ya ƙara tsawo. Ran da aka gama ya dawo gida da baƙin gawayi har gwiwar hannu, ya cinye tuwonsa tas ya nemi ƙari.

Aka ɗauki faɗan wata safiyar Lahadi a bakin wani ɗan tafki. An yi sau huɗu lafiya lau, amma Taiba ba ta gamsu ba. A na biyar, Khalifa na ja da baya ƙafarsa ta zame a laka ya faɗi da gwiwa ɗaya. Zaharadeen, wanda takobinsa ke sama, ya daskare, idonsa ya fito, don da gaske ya tsorata kada ya same shi. Suka kalli juna na ɗan lokaci, sannan Khalifa ya yunƙura suka ci gaba. Da aka tsaya Taiba ta ce a sake, an yi kuskure.

"Bar shi," in ji Baba Nagode. "Duk abin da munka koya masu, wanga ya fi shi. Dubi fuskar yaron. Ba ya son kashe abokinai."

Ta kalla a wayar sau biyu, ta bar shi.

Da fim ɗin ya fito, Sharhabilu ya fitar da talabijin bakin shago ranar kasuwa ya kunna. Mutane suka taru har bakin titi. Da aka zo wurin faɗan surutu ya ɗauke, har mai rake ya tsaya da wuƙarsa a hannu. Ba kowa ya yaba ba. Wasu samari sun ce faɗan ya yi gajarta, ba ko tsalle ɗaya. Amma wani dattijon Bafulatani da ya kawo awaki kasuwa ya nemi a maimaita masa wurin ɗaure hannun, sannan ya miƙa wayarsa ya ce a tura masa ya kai gida.

Tun daga nan Sharhabilu ya buɗe wani wuri daban a kwamfutarsa ya sa masa suna Na Baba. Bakwai ɗin nan suka zama goma sha ɗaya, da na Taiba sha biyu. Mutane suka fara shigowa suna cewa a ba su wanda Baba ya yarda da shi. Ranar Talata tsohon da kansa yake zuwa ya zauna kan bencin ciki, in wani ya zaɓi na masu tashi sama ba ya hana shi, sai dai ya ce masa ya karɓi ɗaya cikin na kirkin ma ya haɗa, in ya kalla ya dawo su yi gardama. Da yawa suna dawowa. Sauran ranakun kuma yakan bi motar safe zuwa maƙerar Jibrin, inda manoma suka fara ajiye fartanyoyinsu suna cewa sai tsohon ya zo.

Bayan ƙaramar salla Taiba ta zo shagon da sabon rubutu. Wannan karon labarin ɗan kokawa ne da ya tsufa, kuma tana son Baba ya duba mata wurin karawar. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce shi bai san kokawa ba, ko a ƙuruciya kayar da shi ake yi, kuma ba zai faɗi abin da bai sani ba. Amma akwai wani Yari, mutumin garin Tsibiri, wanda a zamaninsa ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba daga Maradun har Bakura. Shi ma ya baro gida, yana nan bayan makarantar firamare a ɗakin da wani ɗan'uwansa ya ba shi. Kullum a masallaci suke haɗuwa, ba ya yi wa kowa magana.

Taiba ta tambaya ko zai yarda.

"Zai ƙi," in ji Baba Nagode, yana laluben takalmansa a ƙarƙashin benci. "Ki ba shi labarin dai, ki tafi. Sharhabilu, kana da na kokawa cikin na'urarka?"

Sharhabilu ya ce akwai su da yawa, amma bai san na kirki a cikinsu ba.

"To ɗauko su duka. Marasa kirkin za mu fara nuna mashi."

Sharhabilu ya ja ƙofar shago ya sa kwaɗo, ya rataya jakar laftof a kafaɗa. Suka ratsa ta cikin 'yan tumatir su uku, tsohon na gaba.